Ku Tambaya Mu Amsa: Wane antibairos na kyauta zan sa wa kwamfutar gida?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, bairos ne da maganin bairos kamar an haɗa baki, shi yasa na tattaro su wuri guda. Wanda bai ga nasa ba yayi min afuwa, in ya daure ya karanta na 'yan uwa zai tsinci amsarsa a ciki in sha Allahu.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah na sayi laftof ta hannu saboda aikin makaranta kuma yara su riƙa koyo a gida, HP ce ram 4 Windows 10. Wanda ya sayar min ya zuba min antibairos har guda uku, Avast da AVG da Smadav, yace hakan yafi tsaro, to yanzu in na kunna ta sai in haɗa shayi in shanye bata gama buɗewa ba, ga ɗaya daga ciki kullum yana fito min da in biya kuɗi da dala, ni kuma gaskiya albashin ba zai ɗauki sayen antibairos duk shekara ba. Wanne zan bari wanne zan cire? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri kan tarbiyyar yaranmu da kuke yi. Ka cire Avast, ka cire AVG, ka bar kwamfutar da maigadin da ta zo da shi. Eh akwai shi a ciki, sunansa Microsoft Defender, tare yake zuwa da Windows 10 da 11, ba a sayensa, ba ya ƙarewa bayan wata ɗaya, kuma ba zai fito maka da talla yace ka kawo dala ba. Da yawan mutane basu ma san da zamansa ba saboda shi in ya ga an zuba wani antibairos sai ya ja gefe yayi shiru ya bar wa baƙon aikin, ranar da ka cire baƙon ka kashe kwamfutar ka kunna, da kansa yake farkawa ya ci gaba da gadi.

Wanda ya sayar maka bana jin mugunta yayi, abin da ya taso ya tarar ana yi ne, amma ai ba a sarki biyu a gari ɗaya. Duk fayil ɗin da ka taɓa sai wannan ya tare shi ya laluba, wancan ma ya tare ya laluba, wani lokacin ma kowanne ya riƙa yi wa ɗan uwansa kallon ɓarawo, duk wannan kokawar kuma a kan ram 4 ake yinta, to ina kwamfutar zata samu numfashin buɗe maka Word. Kuma su biyun nan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, tun 2016 kamfanin Avast ya saye AVG, injinsu ɗaya riga ce kawai ta bambanta. A 2022 kuma Avast ɗin ya haɗe da masu Norton suka koma kamfani ɗaya mai suna Gen Digital, Avira ma tasu ce. Kaga kenan sunaye huɗu gida ɗaya.

Na san akwai 'yan uwana masu gyara da zasu karanta wannan su ce haba Malam, ai Defender ba ya kama komai. Suna da gaskiyarsu amma ta da ce. Wajajen 2013 a baya-baya maganin Microsoft yake zuwa in an yi gwaji, mu ma a lokacin cewa muke a sa wani. Yanzu labari ya canza. Akwai cibiyoyi biyu da aikinsu kenan su tara bairos na gaske su sakar wa kowane antibairos su ga wanda zai tsaya, AV-TEST a garin Magdeburg na Jamus da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya. Ita AV-TEST maki 6 take bayarwa a kan kariya, 6 a kan rashin yi wa kwamfuta nauyi, 6 a kan rashin kama wanda ba ruwansa, jimilla 18, kuma tun 2019 Defender ya sha cinye 18 ɗin nan kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saye da kuɗi. Sakamakon a buɗe yake a shafinsu kowa zai iya dubawa.

Sannan Malam, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya baka abu kyauta yana da ma'aikata da zai biya albashi, ko dai ya dame ka da talla har ka gaji ka sayi na kuɗin, wanda shi kake gani yanzu, ko ya samu kuɗin ta bayan gida. A Janairun 2020 'yan jarida suka bankaɗo cewa Avast yana tattara bayanan shafukan da masu amfani da shi ke shiga yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, dole ya rufe reshen, a 2024 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci tararsa dala miliyan 16.5. Wajen kama bairos kam Avast gwani ne, ba zan zalunce shi ba, amma ya kamata mutum ya san da me yake biya.

In duk da haka hankalinka bai kwanta da Defender ba, to ka ɗauki guda ɗaya tal. Bitdefender na ƙasar Romaniya yana da na kyauta, ba shi da surutu sosai. Kaspersky na Rasha shi ma yana da na kyauta kuma yana kamu, gwamnatin Amurka dai ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaro, dokar tasu ce can bata shafe mu ba amma gara ka sani. Malwarebytes na kyauta kuma ba maigadi bane, likita ne da ake kira in an ji ba daidai ba, ka buɗe shi yayi sikanin ya share ka rufe. Duk wanda zaka sauke ka sauko shi daga shafin kamfanin da kansa, banda na cikin filashin wani. Ni dai a gidana Defender ne a kan kwamfutar da yara ke taɓawa, shi kaɗai.

Yanzu ga inda nafi so ka bani hankalinka, don duk abin da na faɗa a sama bai kai wannan ba. Bayan ka shiga Settings, Apps, ka cire waɗancan ka sake kunna kwamfutar, ka danna Start ka rubuta Windows Security ka buɗe. Ka shiga Virus & threat protection, ka danna Manage settings, ka tabbata Real-time protection da Cloud-delivered protection da Tamper Protection duk a kunne suke. Sai ka gangara can ƙasa inda aka rubuta Exclusions, wato jerin wuraren da aka ce wa maigadi kar ya leƙa. Kwanaki aka kawo min wata laftof, mai ita yana ta rantsuwa antibairos ɗinsa lafiya lau ga koren maki nan ya nuna min da yatsa, ina buɗe Exclusions na tarar an sa C, wato babbar ma'ajiyar kwamfutar, gaba ɗayanta a ciki, ma'ana an ce wa maigadi ya tsare gidan amma kar ya shiga ko ɗaki ɗaya. Wallahi jikina yayi sanyi, saboda a kan wannan kwamfutar yake shiga bankinsa. Muna goge wannan layin muka sa sikanin sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, mai kwamfutar ya riƙe baki yana salati.

Waye yake sa wannan? Mai zuba kirak, wato abin da ake karya makullin manhajar kuɗi da shi don ta yi aiki ba a biya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyara yana zuba Office ko CorelDRAW ko Photoshop na sata ya ga abin da ake fara yi, kashe antibairos, saboda in ba a kashe ba zai cinye kirak ɗin, sai a ce maka ai ƙarya yake yi ba bairos bane. Wani lokacin haka ne, wani lokacin kuma gaskiya ya faɗa, kuma daga kai har mai gyaran babu wanda ya san wanne ne. Da ɗan gari kan ci gari Malam, mafi yawan kwamfutocin gida da nake gani da ciwo ba wani ne ya fasa ya shigo ba, da hannu aka buɗe masa ƙofa.

In ka buɗe Windows Security ka ga ya ƙi kunnuwa, ko yana cewa wai IT administrator ne ya taƙaita maka alhali kwamfutar gida ce ba ta ofis ba, to an karya shi ne da gangan, ka kwashe takardunka ka sa a sake zuba Windows mai tsabta daga shafin Microsoft, filashi mai GB 8 ya isa. Kuma ga wani abu da masu saye basu cika sani ba, yawancin HP da Dell da Lenovo na hannu da suka fito daga zamanin Windows 8 zuwa sama lasisinsu yana binne a cikin allon kwamfutar, in aka zuba irin Windows ɗin da ta zo da shi da ta hau intanet zata yi rajistar kanta, babu buƙatar wani kirak. Na rubutu kuma akwai LibreOffice kyauta ce halak malak, tana buɗe fayilolin Word da Excel, zata yi maka jarrabawa da sakamakon ɗalibai ba matsala. Smadav kuwa karanta amsa ta gaba.

TAMBAYA: Malam dan girman Allah ka taimaka min, na kai filashina shagon buga takardu zan buga babi na uku na furojet ɗina, dawowata na saka a laftof sai naga duk foldodin sun koma da wata 'yar kibiya a jikinsu, in na danna wani baƙin abu ya ɗan fito ya ɓace, ƙawata tace in yi fomatin kawai amma duk aikina na wata biyar yana ciki kuma bani da shi a wani wuri, tun jiya ban iya cin abinci ba. Tace in sa Smadav, shin zai dawo min da su? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Ƙanwata kwantar da hankalinki ki je ki ci abinci, aikinki yana nan in sha Allahu. Kar ki yi fomatin, kuma ki daina danna masu kibiyar nan. Wannan shi ne bairos ɗin shotkot da ya addabi shagunan buga takardu, ba ya cinye fayil, ɓoye su yake yi sai ya ajiye na bogi masu irin sunansu, ke kuma kina dannawa kin tashe shi ya shige laftof ɗinki, daga nan duk filashin da aka soka sai ya kamu. In kina so ki gani da idonki, danna filashin da maɓallin dama ki shiga Properties zaki ga har yanzu akwai kaya a ciki, wurin bai koma fanko ba.

Tunda kin riga kin danna, laftof ɗin za a fara wankewa. Ki shiga Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan, kwamfutar zata mutu ta tashi tayi bincike kafin Windows ya farka, lokacin bairos ɗin bai samu damar ɓuya ba, kamar minti 15 yake ɗauka, ki tabbata akwai caji. Bayan nan ki soka filashin ki duba harafin da aka bata, mu ce E. Ki danna Start ki rubuta cmd ki buɗe, sai ki rubuta wannan daidai yadda yake har da tazarar:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

ki danna Enter ki ɗan jira. In harafin naki F ne ko G sai ki canza E ɗin. Ki koma cikin filashin zaki ga foldodinki na gaskiya sun bayyana, wani lokacin duk suna cikin wata folda marar suna, ki buɗe ta suna nan. Ki kwashe takardunki kaɗai zuwa laftof, ki bar duk mai kibiya da duk wani fayil da baki sani ba musamman mai ƙarewa da vbs ko js ko exe, sannan ne zaki yi wa filashin fomatin.

Smadav ɗan ƙasar Indonesiya ne, kuma ya samu karɓuwa a wajenmu ne saboda ciwonmu ɗaya da su, yawo da filashi daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Yana da amfani a nan, yana fito da ɓoyayyun fayiloli, ba shi da nauyi, kuma an yi shi ne ya zauna tare da wani. Amma su kansu masu shi cewa suke mataimaki ne, kariya ta biyu. Kuskuren da ake yi shi ne a kashe Defender a bar Smadav shi kaɗai a ce an sa antibairos. In kina so ki bar shi ki bar shi, amma a bayan Defender.

Daga yau kuma in zaki buga takarda ki mayar da ita PDF ki tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel, in dole sai da filashi to ki ware wata ƙarama ta bugu kawai wadda ko ta kamu ba asara. Kuma yau ɗin nan kafin ki kwanta ki tura wa kanki furojet ɗin ta imel, duk babin da kika gama ki sake turawa. Allah ya bada sa'a ya sa a kare lafiya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, kwamfutar marigayi maigidana ce a ɗaki, duk hotunanmu na shekaru suna ciki, na aure da na sunan yara da na aikin hajjinsa. Yarona ya sauko da wani wasan ƙwallo na kyauta, tun ranar babu hoton da yake buɗewa, kowanne an ƙara masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna, kuma akwai wata takarda _readme.txt da ɗan ƙanwata ya karanta yace wai mu biya dala 980, ko 490 in mun biya cikin awa 72. Mun sa antibairos ya cire abubuwa da yawa amma hotunan basu dawo ba. Wanne zamu sa ya dawo da su? Daga wata baiwar Allah a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Na karanta saƙonki ya fi sau uku kafin in iya amsawa, kuma ba zan ɓoye miki ba, babu antibairos na kyauta ko na kuɗi da zai buɗe hotunan nan. Shi aikinsa ya kama ɓarawo, wannan kuwa ɓarawon ya riga ya sa kwaɗo ya tafi da makulli. Irin bairos ɗin nan mai garkuwa da fayiloli ne, kuma alamun da kika faɗa, haruffa huɗu da waccan takardar da wancan farashin, na wanda ake kira STOP ko Djvu ne, wanda hanyarsa ta yaɗuwa ita ce wasanni da manhajojin sata.

Amma ba a yanke ƙauna ba tukuna. Abu na farko kar a yi fomatin, kar a goge hotunan ko da basa buɗewa, a samu had-disk na waje a kwafe su yadda suke a ajiye a durowa, don an sha samun makullin irin waɗannan bayan shekaru in jami'an tsaro sun kama masu yi. Na biyu ɗan ƙanwarki ya duba ƙasan waccan takardar akwai wata doguwar lamba da suka kira personal ID, in ta ƙare da t1 to akwai fata, yana nufin lokacin da abin ya faru bairos ɗin bai samu magana da iyayen gidansa ba sai yayi amfani da makullin gama-gari, kuma kamfanin Emsisoft yana da manhaja ta kyauta da take buɗe wasu daga cikin irin waɗannan. In ba haka ta ƙare ba to makullin naku ne ku kaɗai kuma yana hannun azzaluman. Ya kuma duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a 2016, duk makullan da ke wurin kyauta ne. In akwai bidiyo masu girma a ciki su ma akwai ɗan fata, saboda wannan bairos ɗin farkon fayil kaɗai yake kullewa, kamar KB 150, wanda ya iya yakan ceto sauran.

Biyan kuɗin ban baki shawara ba Hajiya, babu tabbacin zasu bayar. Kuma ki yi hattara da masu cewa a Facebook ko Instagram su ƙwararru ne a turo kuɗi su buɗe, masu jiran wanda ya faɗi ne su ƙara taka shi.

Akwai abin gaggawa kuma, irin wannan bairos ɗin yakan zo da ɗan rakiya mai kwashe kalmomin sirri da aka ajiye a burauza, saboda haka duk imel ko Facebook ko banki da aka taɓa shiga a kan kwamfutar a canza kalmar sirrinsa yau, daga waya ba daga ita ba.

Sai ki sa a yi cigiya cikin dangi. Hotunan aure da suna da na Makka ba ku kaɗai kuka ɗauka ba, akwai a wayoyin 'yan uwa, akwai a tsofaffin memori, akwai a guruf ɗin gida na WhatsApp, in Alhaji yana da Gmail a duba Google Photos ɗinsa, mai hoton da ya ɗauki bikin ma a tambaye shi. Na ga gidan da aka haɗo fiye da rabi ta haka. Abin da aka samu a ajiye shi wuri biyu, Google yana bada GB 15 kyauta, sannan a had-disk na waje wanda ake cirewa bayan an kwafa, don in yana soke a jiki shi ma kulle shi za a yi. Yaron kuma dan Allah a yi masa a hankali, bai san abin da zai faru ba, kuma na tabbata abin yana cinsa fiye da yadda yake nunawa, hotunan babansa ne shi ma. In an gyara kwamfutar a buɗe masa nasa akawun na daban marar ikon zuba manhaja, wanda ake kira Standard, duk abin da zai sa sai ya zo an sa masa kalmar sirri.

TAMBAYA: Malam kullum wani saƙo yana fitowa a gefen dama ta ƙasa da tambarin McAfee wai bairos 5 sun kama kwamfutata in danna in sabunta, ni kuma ban taɓa sa McAfee ba. Daga wani ɗan uwa a Yamai.

AMSA: Kar ka danna ɗan uwa, ba McAfee bane, 'yan damfara ne suka ari tambarinsa. Wani shafi ne ka taɓa shiga ya tambaye ka ka danna Allow, shi ne yake turo maka ta burauza. In Chrome ce ka rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin adireshi, ka cire duk shafin da baka gane ba daga jerin waɗanda aka yarje wa, shikenan zai daina. In kana son tabbatarwa ka buɗe Windows Security da kanka ka duba, a Windows na Faransanci Sécurité Windows ake rubutawa.

TAMBAYA: Ɗana, tawa tsohuwa ce ta tebur mai Windows 7, ina rubuce-rubucen masallaci da lissafin gona a kanta, wani lokacin jikoki su haɗa ta da waya su shiga intanet. Wanne zan sa mata wanda ba ya shan data? Daga wani dattijo a Azare.

AMSA: Baba barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Matsalar taku ba ta antibairos bace, ta ginin ce. Tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ya daina yi wa Windows 7 gyara, Chrome ma a farkon 2023 ta tsaya a kansa, kuma kun fi ni sani sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris an fitar da gyaran ɓarakar da ya bi, waɗanda basu sabunta ba su ya ci. To ku yanzu ko an gano ɓaraka babu mai zuwa liƙewa.

Shawarata Baba ku raba ta da intanet kwata-kwata, rubutu da lissafi basa buƙatarsa, zata yi muku shekaru a haka, jikoki su yi haƙuri da wayoyinsu, filashi kuma banda na kowa da kowa. Lissafin gonar da na masallaci a riƙa kwafewa a filashi ɗaya da ku kaɗai ke riƙewa. In lallai ana son intanet a kanta to a samu mai gyara ya zuba mata Linux Mint, kyauta ne kuma yana tafiya da tsofaffin kwamfutoci.

Masu Windows 10 ku ma wannan ta shafe ku, har da Malam na Gusau. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 wa'adin da Microsoft ya sa na yi masa gyara ya cika, sai dai an bada ƙarin shekara ɗaya zuwa 13 ga Oktoban 2026 ga wanda ya shiga shirin da suka kira ESU ta cikin Windows Update. Wanda kwamfutarsa zata ɗauki Windows 11, yawanci Intel zubi na 8 zuwa sama, ya hau kawai kyauta ne. Maganar data kuma, na san saboda ita ake kashe sabuntawa, amma antibairos da bai san bairos ɗin bana ba ai hoto ne. Sabuntawar Defender ta kullum ba ta da yawa, manyan na Windows su ne masu ci, sai a bar su a yi da datar dare ko a inda ake da wayfai ko da sau ɗaya ne a wata.

TAMBAYA: Malam waya fa, ita ma sai an sa mata? Daga wata matar aure a Kaduna.

AMSA: 'Yar uwa in Android ce akwai Play Protect a cikin Play Store, ki buɗe ki tabbata a kunne yake, ya wadatar in dai daga Play Store kike sauke kayanki. Inda ake kamuwa shi ne manhajar da aka turo ta Xender ko ta guruf, da irin su GB WhatsApp, da masu cewa zasu wanke waya su ƙara mata gudu, waɗannan ki cire su. Lambar da banki ko WhatsApp suka turo miki ta saƙo kuma kar ki karanta wa kowa ko da yace daga banki yake kira ko daga makarantar yara, wannan babu manhajar da zata tare miki shi.